Ina So In Fara Ɗura Harsashina Da Kaina, Uwargida Ta Ce Ba A Gidanta Ba

Assalamu alaikum. Ni mutumin ƙasar Katsina ne, shekara 11 ke nan ina aiki a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ina da takardar zama ta dindindin, kuma ina tare da matata da 'ya'yanmu uku, autarsu shekararta uku. Shekara huɗu da suka wuce abokan aikina suka jawo ni farautar barewa, na yi kwas ɗin da ake buƙata, na yanki lasisi, na sayi bindiga mai cin harsashi samfurin .308 Winchester. A shekara nakan harba kwali uku, kowane kwali harsashi 20 a kan kusan dala 40. Wani dattijo da muke fita daji tare yana ɗura nasa harsashin a gida, ya ce mini kuɗin rabi ne kuma saitin ya fi kyau. Na yi lissafin kayan aikin, za su ci kimanin dala 700. Uwargida ta ce ba za a ajiye albarushi a gidan da 'ya'yanta suke kwana ba, yau mako biyu ke nan maganar ta hana mu sakewa da juna. Ni kuwa mahaifina maharbi ne, da hannunsa yake ɗura bindigarsa har ya rasu, ban taɓa ganin ta cuce shi ba. Ƙanena da ke gida ma ya ce idan na koya in aiko masa da kayan. Mece ce shawararka?

Ɗan'uwanku a Houston

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba, domin ɗura harsashi da hannu yana da amfani na gaske, sai dai amfanin da ka sa a gaba, wato sauƙin kuɗi, shi ne mafi rauni a wurin mutum irinka. Kuma a yadda gidanka yake a yau, hujjar maiɗakinka ta fi taka ƙarfi, ko da yake abin da ya fi cancanta ta ji tsoro ba shi ne wanda ta ambata ba.

Saboda masu karatu da ba su taɓa riƙe harsashin zamani ba, abu huɗu ne aka haɗa ya zama ɗaya. Akwai kwanson tagulla, akwai 'yar ƙwayar tartsatsi da ke maƙale a gindinsa wadda ake kira firaima, akwai albarushi a ciki, sannan akwai kan harsashin, wanda shi kaɗai ne yake fita ta bakin bindiga. Idan aka harba, uku sun tafi, kwanso ya rage, kuma shi ne yawanci mafi tsada a cikinsu. Mai ɗurawa yana tsince kwanson, ya wanke, ya mayar da shi daidai girmansa a injin matsi, ya sa sabbin ukun nan, kuma kwanso ɗaya yakan yi zagaye da dama kafin wuyansa ya tsage ko gindinsa ya saki. A Amurka wannan tsohuwar al'ada ce da ke da masana'antunta: kamfanin RCBS ya fara tun 1943 a Kalifoniya, kamfanin Hodgdon kuwa ya tashi ne da sayar wa maharba rarar albarushin soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

To, mu yi lissafi da alƙaluman da ka kawo da kanka. Harsashi 60 kake harbawa a shekara, a kan dala 120. Idan muka karɓi maganar dattijon cewa kuɗin rabi ne, rarar da za ka samu dala 60 ce a shekara, wanda ke nufin sai ka yi kusan shekara 12 kafin kayan dala 700 su biya kansu, lokacin autarka ta kai shekara 15. Masu wannan aiki sun san haka sarai, shi ya sa sukan faɗa wa junansu cikin raha cewa ba su taɓa tara ko sisi ba, harbi dai suka ƙara. Gaskiya ne kuwa, domin mutumin da ya kafa tebur ya sayi laba guda ta albarushi, wadda za ta cika harsashin irin bindigarka sama da 150, ba zai tsaya a kan 60 ba. Idan ka koma harba 500 a shekara, kayan za su biya kansu cikin ƙasa da shekara biyu a kan takarda, amma abin da zai riƙa fita daga aljihunka dala 500 ne a maimakon 120. Saboda haka kada ka sake kai wa uwargida hujjar tattali, domin idan ta ɗauki biro za ta kayar da kai cikin minti biyar, kuma daga nan ba za ta ƙara yarda da sauran hujjojinka ba, har da masu kyaun.

Mafi kyawunsu shi ne saiti. Kamfanin da ke yin harsashi ba ya sanin bindigar da kayansa za su shiga, don haka dole ya yi su a kan ma'aunin da zai dace da kowace bindiga mai cin lambar harsashin, kamar .308 ɗinka, sabuwa da tsohuwa, mai tsada da mai araha. Hukumar SAAMI, wadda masana'antun makamai na Amurka suka kafa a 1926, ita ce ke tsara waɗannan ma'aunai. Amma bindigogi biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya ba sa harbi iri ɗaya, saboda bututun yana girgiza a daidai lokacin da harsashi ke ratsa shi, kuma kowane bututu da irin tasa girgizar. Mai ɗurawa yana gwada nauyin kan harsashi daban-daban, da nau'in albarushi, da zurfin da kan ya shiga cikin kwanso, duk a cikin iyakar da littafin awon ɗura harsashi ya gindaya, har ya samu haɗin da bindigarsa ta fi so. Idan ya dace, ramuka biyar da a da suke warwatse kamar faɗin tafin hannu a nisan yadi 100 sai su taru kusa da juna har kwabo ya kusa rufe su. Wanda ya taɓa ganin haka a takardar gwajinsa yana da wuya ya daina.

Sai dai ina so ka tambayi kanka ko kana buƙatar wannan. Wurin da ake nema a jikin barewa, wato huhu da zuciya, ya kai faɗin farantin cin abinci, kuma a nisan da yawancin masu farauta ke harbi, harsashin kanti mai kyau yana shiga wannan faranti ba tare da wata wahala ba. Abin da ke sa a raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale cikin ƙaya, galibi ba laifin harsashi ba ne, hannu ne da ya yi rawa da yatsan da ya fizgi kunama. A nan ne ƙarin harbin da na ambata ya zama alheri, domin mutumin da ya harba 500 a filin gwaji ya fi wanda ya harba 60 natsuwa idan barewa ta fito da asuba. A matsayinka na Musulmi da zai ambaci sunan Allah ya harba, ya kuma kai naman gida, ka san an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa da yanka, kuma harbin da ke kashewa nan take yana cikin wannan kyautatawar. Idan da wannan ka fara yi wa maiɗakinka bayani, ina jin da ta saurare ka.

Amfani na biyu shi ne zaɓin abin da zai shiga naman da 'ya'yanka za su ci. Kan harsashi na gargajiya dalma ce a cikin rigar jan ƙarfe, kuma idan ya bugi ƙashi yakan farfashe ya bar ɓurɓushi da ido ba ya gani, nesa da ramin da ya shiga. A 2008 hukumomin jihohin North Dakota da Minnesota sun sa an janye niƙaƙƙen naman barewa daga wuraren raba abinci ga mabuƙata bayan an gano ɓurɓushin dalma a cikinsa, jihar Kalifoniya kuwa ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun watan Yulin 2019. Mai ɗurawa yana iya zaɓar kan da aka yi da jan ƙarfe zalla, ya daidaita shi da bindigarsa. Amma adalci ya sa in gaya maka cewa ana sayar da harsashin jan ƙarfe a kanti a lambar bindigarka, don haka wannan gyara kana iya yin sa gobe ba tare da ka sayi injin komai ba, kuma ina ba ka shawarar ka yi.

Akwai kuma maganar ƙarancin kaya. A 2013, da kuma 2020 zuwa 2021, kantunan Amurka sun wayi gari babu harsashi, waɗanda suke da tanadin kayan ɗurawa kuwa suka ci gaba da harbinsu. Wanda bai tanada ba tun da wuri bai tsira ba, domin firaima ta fi komai ɓacewa a kasuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan hujja ta fi ƙarfi ga mai tsohuwar bindiga da kamfanoni suka rage yi wa harsashi. Taka lambar, wadda ta fito tun 1952, tana cikin waɗanda aka fi samu a kowane kanti.

Yanzu mu zo kan mahaifinka, Allah ya jiƙansa, domin na lura a nan ne zuciyarka take. Ni ma na tashi ina kallon wani kawuna yana ɗura bindigar toka a gindin tsamiya. Yakan zazzago albarushi daga ƙaho zuwa tafin hannunsa, ya kalle shi, ya rage kaɗan da yatsa, ya zuba a baki, ya tura tsumma da sandar ƙarfe, ya bi da ƙwayoyin dalma, ya sake tura tsumma ya danna. Idonsa ne sikelinsa, kuma ya tsufa da yatsunsa goma. Amma a garin nan namu akwai wani maharbin da yake gaisawa da hannun hagu, saboda bututu ya tsage masa a dama, kuma kowa ya san dalilin da ya sa ake kiran irin bindigar nan harbi-ka-ruga. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne albarushin da mahaifinka ya sani da wanda za ka saya suna kawai suka haɗa. Nasa baƙi ne na gawayi da ƙibiritu da gishirin albarushi, ana auna shi da cikar mudu ƙarami, kuma yana yafe ɗan kuskure. Naka marar hayaƙi ne, irin wanda aka fara yi a Faransa a 1884, ana auna shi da nauyi, a ma'aunin da ake kira giren, wanda 7,000 nasa ne ke yin laba guda, sikelin kuma yana rarrabe kashi ɗaya cikin goma na giren ɗin. Matsin da ke tashi a cikin bindigarka idan ta tashi yana iya kaiwa 62,000 a ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, alhali tayar motarka 30 da 'yan kai take ɗauka, kuma duk wannan yana faruwa ne tsakanin tafin hannunka da kuncinka. Nau'o'in albarushin suna da yawa, wasu sunayensu lamba ɗaya ce ta raba su, kuma idan aka zuba na ƙaramar bindiga mai saurin ci a kwanson babba, ƙarfen ba ya jurewa. Gadon da za ka ɗauka daga mahaifinka shi ne haƙurinsa da natsuwarsa, awo kuwa daga littafin kamfanin Hornady ko Lyman ko Sierra ko Speer za ka ɗauke shi, ba daga bakin aboki ko wani bidiyon intanet ba, kuma a kan fara ne daga mafi ƙanƙantar awon da littafin ya bayar.

Game da tsoron uwargida, albarushi marar hayaƙi da ke cikin robar da aka sayar da shi ba ya tashi kamar bam, yana ci ne da wuta mai tsanani, kuma an yi robar ne da gangan ta saki kafin matsi ya taru. Shi ya sa kuskure ne a kulle shi cikin akwatin ƙarfe mai kauri, ko a juye shi cikin kwalba. Ƙa'idar ƙungiyar kare gobara ta Amurka, wato NFPA, wadda garuruwa da yawa suka ɗauka, ta yarda a ajiye har laba 20 a gida cikin mazubinsa na asali, da firaima har 10,000, a ware su daban-daban, nesa da zafi da wuta. To ina za ka ajiye naka? Na san amsar ita ce gareji, kuma ka fi ni sanin yadda garejin Houston yake zama tanderu mai gumi daga watan Yuni zuwa Satumba, zafi da laima kuwa su ne ke lalata albarushi. Idan kuma a nan tukunyar dafa ruwan wanka mai aiki da gas take, an haɗa abu biyu da bai kamata su kwana ɗaki ɗaya ba.

Amma haɗarin da ya fi kusa da autarka ba wuta ba ne, ƙura ce. Yawancin firaima da sinadarin dalma ake yin ta, kuma bayan an harba, tokarta tana maƙalewa a cikin kwanso. Idan aka zuba kwansuna a injin da ke girgiza su don su yi ƙyalli, wannan toka takan tashi ta sauka a kan tebur, da ƙasa, da hannun riga, da tafin takalmi, daga nan ta shiga falo inda yarinya 'yar shekara uku take wasa tana kai hannu baki. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana lacca a kan wannan, tun da a 2010 mun ga yadda gubar dalma ta kashe yara kusan 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Ba na cewa tebur ɗaya a gareji zai kai ko kusa da wancan bala'i, amma hanyar ɗaya ce, kuma likitoci sun yi ittifaƙi cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba komai. Mai ɗurawa da ya san abin da yake yi yana da ɗaki mai kulle da yara ba sa shiga, ba ya ci ko sha a wurin, yana wanke kwanso da ruwa maimakon busasshen girgiza, yana goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, yana sauya riga ya wanke hannu kafin ya ɗauki yaro. Idan ba ka da wannan ɗaki, ba ka da wurin aiki tukuna.

A ɓangaren doka, dokar tarayyar Amurka ba ta buƙatar lasisi ga mai ɗura harsashi don amfanin kansa, amma wanda zai mayar da shi sana'a ya riƙa sayarwa sai ya samu lasisin masu ƙerawa. Takardar zamanka ta dindindin ta ba ka dama, sai dai ka ja kunnen 'yan'uwanmu ɗalibai da masu bizar aiki ta wucin gadi, domin su doka ta hana su mallakar bindiga da harsashi in ba da wani togaci ba, kamar lasisin farauta mai aiki, kuma a idon wannan doka kwanso da firaima da albarushi duk harsashi ne. Idan gidan haya kake, ka karanta yarjejeniyarka, ka kuma duba takardar garantin bindigarka, saboda kamfanoni da yawa suna janye garanti idan aka yi amfani da harsashin gida.

Maganar ƙanenka kuwa ka rufe ta tun yau, da kakkausar murya. Fitar da waɗannan kaya daga Amurka ba tare da izinin gwamnati ba babban laifi ne, albarushi da firaima ba sa hawa jirgin fasinja ko a cikin wace irin jaka, kuma a Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta hana kowa ƙera ko harhaɗa harsashi in ba a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar soja ba, wato aikin irin su DICON ta Kaduna ne, wadda aka kafa a 1964. A halin da Katsina da Zamfara suke ciki, jami'in da ya tarar da injin ɗura harsashi a ɗakin saurayi ba zai tsaya sauraron labarin farauta ba, kuma idan labari ya fara isa kunnen 'yan bindiga kafin na hukuma, abin ya fi muni. Ka kuma gargaɗe shi kada ya kuskura ya farke harsashin zamani ya zuba albarushinsa a bindigar toka, domin bututunta ba zai ɗauka ba.

Abin da nake ba ka shawara shi ne ka ajiye dala 700 ɗinka a inda suke, ka je wurin dattijon nan ka roƙe shi ya karɓe ka almajiri a teburinsa na tsawon shekara guda. Masu wannan aiki, musamman tsofaffinsu, suna son wanda zai zauna ya koya. Ka sayi littafi ɗaya ka karanta babukansa na farko sau biyu kafin ka taɓa komai, ka sayi 'yan ƙarafan da ke daidaita kwanson lambar bindigarka idan ba shi da su, ka fara tara kwansunan da ka harba da kanka a cikin leda mai rufi a maimakon barin su a filin gwaji. Duk abin da ka ɗura, da hannunka za ka auna shi yana kallo, roba ɗaya tak ta albarushi a kan tebur, waya a kashe, tabarau a ido, ka leƙa cikin kowane kwanso kafin ka ɗora masa kai, ka rubuta komai a littafinka da kwanan wata. Kada ka harba abin da wani ya ɗura wa tasa bindigar, ko da shi ne malamin naka, kuma kada ka ba kowa naka. Ta haka babu ƙwayar albarushi ko ɗaya da za ta kwana a gidanka in ban da wadda ke cikin harsashin da aka gama, wanda dama kana ajiye irinsa a kulle.

A cikin shekarar nan za ka gane ko kai mai wannan aiki ne, domin awanni ne na zama shiru ana maimaita abu ɗaya, kuma da yawa sun sayi kayan da zumuɗi suka ƙare da sayar da su rabin kuɗi. Ita kuma uwargida, ka same ta yau bayan yara sun yi barci ka gaya mata ka janye maganar kawo kayan gida, ka kuma faɗa mata batun ƙurar dalma da bakinka, tun da hujja ce a gare ta wadda ba ta sani ba. Ka yi mata alƙawarin cewa ba za a sake tayar da zancen ba sai ranar da kuke da ɗaki na daban mai kulle da sanyi, kuma ko a ranar da yardarta za a yi. Kafin kakar barewa ta buɗe a farkon Nuwamba, ka sayi kwali biyu na harsashin jan ƙarfe, ka je filin gwaji ka sake daidaita madubin bindigarka da su, domin ba lallai ne su faɗi daidai inda na dalma suke faɗuwa ba.